Wa Zai Kai Kukan Manomi Majalisa? Darasin Malam Aminu Kano Ga Ikara, Maƙarfi Da Kudan

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano, ya ratsa ta Tashar Yari, ba ya buƙatar a gaya masa sana'ar mutanen wannan yanki. Motocin rake da ke fitowa daga Maƙarfi, da kwandunan tumatir da buhunan barkono na ƙasar Ikara, da masara da albasa, har da inabin da Kudan ta yi suna da shi a 'yan shekarun nan, sun isa shaida. Ƙananan hukumomin nan uku na arewacin Jihar Kaduna suna cikin wuraren da ke ciyar da biranenmu, kuma da wuya ka shiga gida a Paki ko Hunƙuyi ka tarar babu fartanya a rataye.

Haka kuma yankin bai rasa manyan 'yan siyasa ba. Maƙarfi ta ba Jihar Kaduna gwamna, Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi, daga 1999 zuwa 2007, wanda daga nan ya yi shekara takwas a Majalisar Dattawa. Akwai mazaɓar tarayya ta Maƙarfi da Kudan, akwai ta Ikara da Kubau, ga kuma kujerun majalisar jiha. Da zarar an buga gangar siyasa, kowane ɗan takara ɗan manomi ne jikan manomi, kuma mafi yawansu gaskiya suka faɗa. To amma haihuwa a gidan noma daban, tasowa daga cikin gwagwarmayar manoma daban. Abin da nake son mu tattauna da mai karatu a yau shi ne wannan na biyun: mutumin da manoma suka san shi a wahalarsu, suka ɗauke shi da hannunsu suka kai majalisa, domin ya mayar da kukansu ya zama doka. A tarihinmu na Arewa, wanda ya fi kusa da wannan siffa shi ne marigayi Malam Aminu Kano, kuma a nasararsa da cikas ɗin da ya samu akwai abin lura.

An haifi Malam a Kano ranar 9 ga Agustan 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci inda ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur, ya je Ingila ƙaro ilmi a 1946, ya dawo aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. Ke nan shi ba da garma ya tashi ba, da allo da littafi ya tashi. Abin da ya haɗa shi da manomi shi ne a wancan zamani kalmar talaka da kalmar manomi kusan ma'anarsu ɗaya, kuma duk wanda ya ce zai yi magana da yawun talaka, to a gona zai same shi.

Matasan yau ba su san irin nauyin da ke kan wannan manomi ba. Kowane baligi yana biyan haraji, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma lokacin karɓarsa ya dace da kaka, sa'ad da amfanin gona ya fi kowane lokaci araha. Makiyayi na biyan jangali a kan kowace saniya. Akwai aikin tilas a gandun masu sarauta, alhali gonar mutum na can ciyawa na cinye ta. Gyaɗa da audugar da ya noma, hukumar ciniki ce ke yanke musu farashi, ta sayar a waje ta riƙe rarar. In ya ɗaga murya, ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kan wannan ne wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Kafin shekarar ta ƙare Malam ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar. Kiran sawaba ya bi kasuwannin ƙauye da tashoshin jirgin ƙasa ya shiga Lardin Zazzau, wanda Ikara da Maƙarfi da Kudan ke cikinsa, kuma a Zariya ne aka samu Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda wannan aƙida. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne 'yan jam'iyyar na karkara, waɗanda jarida ba ta san sunansu ba: a yi musu bulala, a ɗaure su a kan taro ba izini ko zagin hukuma, wani ma a raba shi da gonarsa.

Shiga majalisa bai zo wa Malam da sauƙi ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin ya ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, saboda haka ko mutum ɗaya jam'iyyar ba ta kai majalisar Kaduna ba. A 1954 ya nemi kujerar majalisar tarayya, Alhaji Yusuf Maitama Sule na NPC ya kayar da shi. Sai a zaɓen Disambar 1959 ya ci mazaɓar Kano ta Gabas, ya tafi Ikko tare da sauran 'yan NEPU, su takwas ke nan, a gaban kujeru 134 na NPC.

A nan ne darasi na farko yake. NEPU na ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Sai ga Malam zaune a ɓangaren gwamnati, har da muƙamin mataimakin bulaliyar majalisa, tare da mutanen da magoya bayansa ke shan ɗauri a hannunsu a gida. Wanda ya fi wannan ciwo, haraji da jangali da kotunan alƙalai da sha'anin ƙasar noma da ita kanta En'e, duk ba su cikin hurumin majalisar Ikko. Al'amura ne na Jihar Arewa, a zauren Lugga da ke Kaduna ake yanke su, kuma a zaɓen 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta samu a can. Muryar Malam ta kai har Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya je cikin tawagar Nijeriya, amma hannunsa bai kai ga takardar harajin da ke jiran manomin Paki ba. A zaɓen 1964 kujerar ma ta kuɓuce masa. Wato dai manomi ya samu wakili na gaskiya, sai dai ɗakin da wakilin ya shiga ba shi ne ɗakin da ake yanka wa manomi hukunci ba.

Darasi na biyu a nan gida Kaduna aka karanta shi. A 1978 Malam ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, a zaɓen 1979 kuma jam'iyyar ta ci gwamnan Kano da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, mutumin Kaya, akanta kuma manomi. Da hawansu a watan Oktoba suka soke haraji da jangali. Abin da aka shekara kusan 30 ana shan bulala a kansa, sai ga shi ya faɗi da sanarwa guda. Gwamnatin Balarabe ta kafa hukumar binciken filaye domin sauraren manoman da aka ƙwace wa gonaki, kuma a 1981 aka kafa masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara, domin mai lambu ya samu inda zai kai kayansa ranar da kasuwa ta cika.

To amma masu zaɓen da suka ba PRP gwamna ba su ba ta majalisa ba. Cikin kujeru 99 na majalisar tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, NPN ke da kusan kashi biyu bisa uku, na PRP kuwa ba su kai 20 ba. Majalisar ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, har ya yi mulkinsa ba shi da kwamishina ko ɗaya. Ana cikin haka PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, gwamnonin biyu suka raba gari da Malam. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, Balarabe kuma ranar 11 ga Nuwamban 2020. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Me ya biyo baya? Masana'antar Ikara ta shafe shekaru masu yawa a rufe, sai wajen 2014 aka yi yunƙurin farfaɗo da ita da hannun 'yan kasuwa. Harajin da aka kora ta ƙofa ya leƙo ta taga, domin dokar soja ta 1998 da ta jera kuɗaɗen da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta ambaci kuɗin raya ƙasa a kan kowane mutum, ta kuma ambaci harajin shanu. Alherin da gwamna ya yi da bakinsa, wani gwamnan na iya janye shi da nasa bakin.

Idan mai karatu ya waiwaya zai ga haka tarihin noma yake a ƙasar nan. An yi shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, aka yi juyin noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, aka yi hukumar raya karkara ta Janar Babangida a 1986, aka yi rabon taki ta wayar salula a 2012, aka yi bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Wasunsu sun amfani jama'a, ba na musu. Sai dai kowanne da mai shi ya zo, kuma da mai shi ya tafi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su riƙa ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma da yake alkawari ne, babu kotun da manomi zai je ya nemi haƙƙinsa.

A ɗaya gefen ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce in an karɓi gonarka don amfanin jama'a, diyyar abin da ke kanta za a ba ka, amfanin gona ko gini, ban da ita ƙasar. An dasa wannan doka cikin tsarin mulki, ta ga bayan gwamnatoci da dama tana nan daram. A watan Afrilun 1980 manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda aikin madatsar ruwa ya cinye wa gonaki, suka tare hanya suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta aka kashe da dama. Abin da ke cutar manomi an rubuta shi a doka, abin da ke taimakonsa kuwa an bar shi a matsayin kyauta.

Domin kada a ce abin da nake kira gare shi mafarki ne, bari mu leƙa tsibirin Taiwan da ke gabashin Asiya, inda aka yi wani manomi mai suna Tai Chen-yao. An haife shi a 1948 a karkarar Kaohsiung da ke kudancin tsibirin, a ƙarƙashin mulkin jam'iyya ɗaya da dokar soja wadda ba a ɗage ta ba sai 1987. An ɗaure shi shekara uku saboda zanga-zangar neman 'yanci ta Disambar 1979, da ya fito kuma ya koma cikin manoma yana haɗa kansu a ƙungiyoyin kare haƙƙinsu. Ranar 20 ga Mayun 1988 dubban manoma suka yi tattaki a Taipei, babban birnin, suna kuka da shigo da kayan gona daga Amurka da tsadar taki da rashin inshorar lafiya. An yi arangama, an kama mutum fiye da 100. A 1989 aka yi dokar inshorar lafiyar manoma, kuma a ƙarshen wannan shekarar Tai ya ci ɗaya daga cikin kujerun da tsarinsu na lokacin ya keɓe wa manoma a majalisar dokoki.

Ya shiga zauren da malafarsa ta gona a ka, ya riƙa yi wa ministoci tambaya da harshen da manoman garinsu ke ji, maimakon harshen hukuma. Amma abin da ya sa ake tunawa da shi ya wuce malafa. Yana cikin waɗanda suka nace har aka yi dokar 1995, wadda ta ba tsohon manomi da ya kai shekara 65 dalar Taiwan 3,000 kowane wata. Mulki ya sauya hannu tsakanin manyan jam'iyyunsu a 2000 da 2008 da 2016, babu wadda ta soke wannan kuɗi, hasali ma ƙara shi aka yi ta yi har ya haura ninki biyu. Tai ya rasu a 2017, dokar kuwa ta ci gaba da aiki a bayansa. Bambancinsa da Malam ba na gaskiya ko jarumta ba ne. Shi ya samu kujera a majalisar da ke da iko a kan abin da ya dami mutanensa, kuma a bayansa akwai ƙungiyar da ke iya cika titi da rumfar zaɓe.

Na san abin da wasu 'yan uwana ma'aikata da 'yan boko za su ce. Za su ce aikin majalisa aikin masu ilmi ne, ina manomi ina karanta kasafin kuɗi? Amsata ita ce, yau a Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara akwai masu digiri da difloma da ke kwana a lambu suna ban ruwa, akwai malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya waɗanda noma ne abincinsu. Tsarin mulkin 1999 takardar sakandare ko makamanciyarta ya nema, kuma gyaran 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Sashe na 97 ma ya yarje wa majalisar jiha ta gudanar da zamanta da wani harshe na jihar bayan Ingilishi, in ta amince da haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shingen gaskiya kuɗi ne. Tsarin mulkinmu bai yarda da ɗan takarar da ba jam'iyya ce ta tsayar da shi ba, su kuma jam'iyyun sun sa wa ƙofarsu kwaɗo mai tsada. A 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai Naira miliyan 10 ne a APC, miliyan 2.5 a PDP, na majalisar jiha kuwa miliyan 2 a APC, Naira 600,000 a PDP. Wannan kafin a zo ga wakilan zaɓen fid da gwani ke nan. Manomi ɗaya ba zai iya ba, kuma in wani attajiri ya saya masa, to ya zama wakilin attajirin. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya bai gagari ƙungiya ba. Masu noman rake da masu yin mazarƙwaila da masu lambun tumatir da masu barkono duk suna da shugabanninsu a kasuwa, suna da adashi, suna da asusun taimakon juna. NEPU da kwabo da sisin talakawa ta rayu. Laifin da nake gani a ƙungiyoyin manoma na yanzu shi ne da yawansu sai an ji labarin rabon taki ko bashi suke farkawa, in an gama rabo su koma barci. Ƙungiyar da aka kafa don karɓa ba ta iya tsayawa ta yi ciniki.

Ina ganin majalisar jiha ya kamata a fara dosa, don kada a maimaita tafiyar Malam zuwa Ikko. A can ake iya yin dokar da za ta daidaita awo, ta yadda buhu da kwando za su kasance da nauyi sananne, a daina cika wa dillali buhu har ya yi toliya a kuɗin da bai kai ba. A can ake iya taƙaita kuɗaɗen da ake tatsa a kan kayan gona daga bakin lambu zuwa kasuwa. A can ake iya kafa asusun ko-ta-kwana wanda doka ta tilasta a zuba masa kuɗi duk shekara. Mai karatu zai tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu. Mai lambun da ya ci bashi ya shuka, shi kaɗai ya san yadda ya ƙare da mai bin sa. A can kuma ake iya wajabta ɗaukar malaman gona, domin abin kunya ne a ce cibiyar binciken aikin gona ta Samaru na maƙwabtaka da waɗannan garuruwa, amma sakamakon bincikenta ya fi saurin isa taron ƙara wa juna sani a Abuja fiye da fadamar Kudan.

Ko da ba a samu wanda za a tsayar daga cikin manoma ba, akwai abin yi. Duk mai neman ƙuri'a a zaunar da shi a gaban shugabannin manoma, a ba shi ƙudurori biyu ko uku a rubuce, ya sa hannu cewa zai gabatar da su, bayan shekara a kira shi ya yi bayani. Tsarin mulki ya tanadi kiranye a sashe na 69 da na 110 ga wanda ya ci amana. Buhun taki da injin ban ruwa da ɗan majalisa ke rabawa, in an ba ka karɓi, ai daga dukiyarka aka saya. Sai dai kada a ɗauka shi ne aikin da aka aike shi.

A nan ne mu da muka yi boko muke da bashi a wuyanmu. Da kuɗin rake da gyaɗa da barkono aka biya wa da yawanmu makaranta. Lauyanmu na iya rubuta daftarin doka, akantanmu na iya warware wa manoma kasafin kuɗi da Hausa, ɗan jaridarmu na iya bin sawun wanda ya sa hannu. Malam Aminu ma ɗan boko ne, kuma irin wannan aiki ya ajiye albashinsa ya kama. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kafin a sake buga ganga ya kamata a fara zama, a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha wuya domin talaka ya ɗaga kai, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba manomanmu wakilan da za su tuna da su bayan an rantsar da su. Amin.